Birin Roloway, mai farin gemun da kurmin Gana ke gab da rasawa

Duk direban da ke jigilar kaya tsakanin Takoradi da Abidjan ya san gadar Elubo. Nan ake tsayawa a buga takardu, a jira 'yan kwastan, a sha shayi, sannan a tsallaka Noé. Ruwan da ke wucewa ta ƙarƙashin gadar kuwa kogin Tano ne, wanda ya taso tun daga yankin Techiman, ya yi tafiyar kilomita kusan 400 kafin ya zube cikin tabkunan bakin teku. Daga wajejen Elubo zuwa ƙasa, kogin shi ne iyaka tsakanin Gana da Kodebuwa. In mutum ya shiga kwalekwale ya gangara, gidaje za su ƙare, gonaki su ƙare, sai ya tsinci kansa cikin wata fadama mai duhu, tukurwa ta ko'ina, ga dogayen itatuwa tsaye cikin ruwa. Gefen Gana ana ce wa wurin Kwabre. Gefen Kodebuwa kuma Tanoé-Ehy.

A saman itatuwan nan ne ake samun ragowar wani biri da masana ke kira Roloway, a harshen Twi kuma a ce masa boapea. Ƙasashe biyun nan kaɗai Allah ya ajiye shi a duk faɗin duniya. Ƙungiyar IUCN, wadda ke riƙe da kundin halittun da ke cikin haɗari, ta saka shi a matakin da daga shi sai ɓacewa daga daji, kuma ƙiyasin masana shi ne waɗanda suka rage ba su kai 2,000 ba. Akwai makarantun sakandare a Kumasi da yawan ɗalibansu ya haura haka. An sha kuma sanya sunansa cikin jerin birai 25 da suka fi fuskantar ƙarewa a duniya, jerin da ake sabuntawa duk bayan shekara biyu.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a labarinsa shi ne wurin da ya tsira. Gwamnatocin ƙasashen biyu suna da manyan gandun daji masu iyaka, masu ma'aikata da kaki da takardar doka. Amma inda aka fi tabbatar da birin a yau, fadamar ƙauyawa ce, wadda ta daɗe babu wata takardar gwamnati a kanta.

Wane iri ne?

Mu da muka saba da jan biri mai ɓarna a gonar masara da gyaɗa, sai mu cire wannan hoton daga zuciya tukuna. Roloway ba ya saukowa gona, da wuya ma ya taka ƙasa. Rayuwarsa kusan duk a ƙololuwar kurmi take, can inda rassan manyan itatuwa ke haɗuwa su rufe rana. Ba shi da girma sosai, babban namiji bai cika wuce kilo 7 ba, wutsiyarsa kuma ta fi jikinsa tsawo. Fuskarsa baƙa ce wuluk, jikinsa baƙi-baƙi mai ratsin toka, gadon bayansa daga tsakiya zuwa ƙugu ja ne mai duhu. Ƙirjinsa fari ƙal, akwai farin layi a goshi, akwai wani a cinya. Sai kuma gemun nan, fari, dogo, mai tsini, kai ka ce wani dattijo ne ya taje shi zai tafi Idi.

Gemun yana daga cikin abin da ya raba shi da ɗan'uwansa birin Diana, wanda ke yammacin kogin Sassandra har zuwa Laberiya da Saliyo. Na Diana gajere ne, kuma cikin cinyarsa ja ne, na Roloway kuwa fari ne mai ɗan rawaya. An fara rubuta shi a littattafan masana tun 1774, amma an daɗe ana ɗaukarsa reshe ne kawai na Diana. Daga baya aka yarda jinsi ne mai zaman kansa. Wannan ba gardamar malaman jami'a ba ce kawai. Muddin ana lissafa su tare, sai a ga ai akwai Diana da dama a gandun Taï, hankali ya kwanta. Da aka ware shi, sai lissafi ya fito fili.

Garke-garke suke yawo, babban namiji guda da mata da 'ya'ya. Abincinsu 'ya'yan itace da ƙwari da ƙwayoyin iri da ɗanyen ganye. Inda duk suka ci suka wuce, suna zubar da iri nesa da uwar itaciya, ta haka kurmi ke shuka kansa. Macen ɗa ɗaya take haifa bayan ciki na wata biyar zuwa shida, kuma sai ɗan ya yi shekaru kafin shi ma ya isa haihuwa. To dabbar da ke ƙaruwa a hankali haka, in aka kashe uwa biyu ko uku a garke cikin damina ɗaya, an gama da garken ke nan ko da sauran suna raye.

Yawancin abin da aka sani game da halayyar wannan dangi an koye shi ne daga Diana na gandun Taï, don su ne masu bincike suka samu damar bi shekara da shekaru. A can aka gano kukan gargaɗinsu iri-iri ne. Akwai na damisa, akwai na gaggafar kurmi mai ɗauke birai daga sama, kuma sauran birai suna gane bambancin. Har wani babban cilakowa na kurmin yana saurare: in ya ji kukan gaggafa sai ya ɗauki mataki, in na damisa ne ba ruwansa, tunda damisa ba ta tashi sama. Ikon Allah ke nan. Sai dai mafarauta ma sun koyi darasin. Sukan kwaikwayi kukan gaggafa ko na gada da ta shiga tarko, namijin garke ya amsa da ƙarfi, ya tona asirin inda suke. Babbar murya da farin ƙirji da zama a reshe mafi tsawo sun isa kariya daga damisa. A gaban bindiga kuwa su ne ke kai shi ga halaka.

Wanda ya riga shi tafiya

In ana son a gane dalilin da ya sa masana ke ɗaga murya a kan Roloway, sai an san labarin maƙwabcinsa. A watan Disamba na 1933 wani Bature mai tara dabbobi don gidan tarihin Ingila, Willoughby Lowe, ya harbo wasu birai masu jan gashi da baƙin baya a kusa da Goaso, garin da yanzu shi ne hedikwatar Yankin Ahafo. A 1936 aka raɗa wa jinsin sunan wata ma'aikaciya da ta raka shi tafiyar, Miss Waldron. Birai ne masu cin ganye, masu yawo cikin manyan garkuna, masu surutu, ba su iya ɓuya ba. Har cikin shekarun 1970 ana ganinsu a gandun Bia. Daga 1978 babu wani masani da ya sake sa su a ido da rai.

Daga 1993 zuwa 1999 John Oates da abokan aikinsa, cikinsu har da ɗan Gana Michael Abedi-Lartey, suka bi dazuzzukan yammacin Gana da gabashin Kodebuwa ɗaya bayan ɗaya. A shekarar 2000 suka fitar da sakamako cewa ga dukkan alamu birin Waldron ya ƙare. Shekara 67 ke nan tsakanin ranar da ilimin zamani ya san shi da ranar da aka yi masa ta'aziyya. Wani dattijon ma ya fi haka shekaru. Bayan nan ɗaya daga cikin masu binciken, Scott McGraw, ya samu fatar irin birin daga hannun wani mafarauci a yankin tabkin Ehy, abin da ya sa har yau ba a rufe littafinsa gaba ɗaya ba.

A rahoton nan na 2000 sun yi gargaɗi cewa in ba a tashi tsaye ba, Roloway ne zai bi baya. Hausawa na cewa in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Shi mai farin gemun ba shi da hannun shafawa, sai dai a shafa masa.

Ina kurmin ya tafi?

A da, daga kogin Sassandra a Kodebuwa har zuwa kogin Pra a Gana duk gidansa ne. Kurmin nan ba baƙo ba ne a wajenmu. Shi ne ya ba da goron da kakanninmu fatake suka yi ta takowa daga Kano da Katsina zuwa Salaga suna saye, fataucin Gwanja da ya haifi zangunanmu da dama. A farkon ƙarni na 20 ana ƙiyasta kurmin Gana ya kai hekta miliyan 8, yanzu bai kai miliyan 2 ba. Kodebuwa ta tashi daga kimanin miliyan 16 ta dawo ƙasa da miliyan 3. Katako ya ci nasa, gonar roba da ta kwakwar manja suka ci nasu, amma babban mai ci shi ne koko. Ƙasashen biyu su ke noma fiye da rabin kokon duniya, kuma kusan duk gonar koko da ka gani a Sefwi ko Ahafo a kan kabarin kurmi take.

Ba zan zagi koko ba. Da kuɗinsa aka gina makarantu da asibitoci, da shi dubban 'yan Arewa masu aikin abusa suka aurar da 'ya'ya suka je Makka. Amma gonar koko, duk da korenta, ba gida ba ce ga dabbar da ke bukatar rassa masu haɗe da juna tsawon kilomitoci. Shi ya sa mutum zai iya wucewa ta Yankin Yamma a mota ya ga ko'ina kore shar, ya ce ai daji na nan. Dajin da Roloway ya sani ba ya nan.

Gandun Bia misali ne mai ciwo. An ayyana shi gandun ƙasa a 1974 da faɗin murabba'in kilomita kusan 300. Cikin 'yan shekaru aka zaftare shi, ya koma ƙasa da 80, sauran aka mai da shi wurin da ake iya sarar katako. Kamfanin katako kuma ba itace kaɗai yake ɗauka ba, hanya yake buɗewa. Inda a da mafarauci sai ya yi kwana biyu yana sara da adda kafin ya kai, yanzu sai ya hau babur. Yau an daɗe rabon da a ga Roloway a Bia. Ankasa, wanda ya kai murabba'in kilomita 500 kuma itatuwansa na nan tsaye gwanin sha'awa, masu bincike sun sha shiga su kwana su fito ba su gan shi ba. Masana har suna da suna ga irin wannan: kurmin da ba kowa a ciki. Itatuwa lafiya lau, sama shiru.

Bindiga ce ta yi wannan aikin. Naman daji babbar kasuwa ce a kudancin ƙasashen biyu, wanda ya san Atwemonom a Kumasi ya san abin da nake faɗa. Doka kam akwai ta. Tun ƙa'idojin 1971 an hana farautar wannan dangin birai kwata-kwata, kuma daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba na kowace shekara an rufe farauta, in ban da gyazbi, wato akrantie, shi ma da lasisi. Amma naman da aka babbake aka ƙyafe ya yi baƙi, wa zai tsaya a shingen hanya ya tantance na wane biri ne?

Abin da laka ta tsare

To me ya sa Kwabre da Tanoé-Ehy suka sha? Amsar farko ba ta da wani kwarjini: wahala. Wata da watanni ruwa ne kwance a wurin, ƙasan kuma laka ce da ruɓaɓɓen ganye mai zurfi, mutum kan nutse har ƙugu. Motar katako ba ta shiga, koko ba ya yi a cikin ruwa, mafarauci ma sai ya yi da gaske. Abin da mutane suka raina suka bari, shi ya zama mafaka. Tanoé-Ehy ya kai kimanin hekta 12,000, Kwabre kuma wajen 2,500. Ban da Roloway, akwai wasu birai biyu masu haɗari a yankin: wani mai farin ƙeya da ake kira mangabe, da wani baƙi mai farar cinya da doguwar farar wutsiya.

Sai dai laka ba ta iya tsayawa gaban injin zamani. A 2008 wani kamfanin manja ya shirya janye ruwan babban ɓangare na Tanoé-Ehy ya share shi ya dasa kwakwa. Wani masanin birai ɗan Kodebuwa, Inza Koné, na cibiyar bincike ta CSRS da ke Abidjan, ya tashi tsaye tare da sarakuna da mutanen ƙauyukan da ke kewaye da fadamar. Aka yi ta kai ƙorafi ciki da wajen ƙasa har kamfanin ya janye. Daga nan ƙauyukan suka kafa ƙungiyoyinsu na kula da dajin, suka shata iyaka, suka fara sintiri. A 2012 aka ba Koné lambar yabo ta Whitley a Ingila saboda wannan aiki. Ni dai a ganina babban abin da ya yi shi ne bai zo ya ce wa mutane ku fita ba. Fadamar ita ce wurin sunsu, nan suke samun tukurwa da magani da itacen gini, sun san in ta zama gonar kamfani su ma sun tashi a tutar babu.

A gefenmu na Gana, an yi shekaru ana zaton birin ya riga ya ƙare. Sai a 2011 masu bincike na ƙungiyar WAPCA suka gan shi a Kwabre, cikin yankin Jomoro, shekaru bayan ganin ƙarshe da aka yi masa a ƙasar. WAPCA ƙungiya ce da wasu gidajen namun daji na Turai suka kafa a 2001, gidan Heidelberg na Jamus ne kan gaba, kuma tana aiki tare da Hukumar Gandun Daji ta Gana. Tsarin da aka bi a Kwabre shi ne wanda ake kira CREMA. Ma'anarsa a taƙaice: gwamnati ta miƙa wa al'umma ikon kula da dabbobi da itatuwan ƙasarsu, su zaɓi kwamiti, su rubuta dokokinsu, majalisar gunduma ta amince. Samarin ƙauye su ke sintiri, su kwance tarko, su kama katakon sata, su raini 'ya'yan itatuwa a dasa inda aka sare. Sabuwar dokar namun daji da majalisa ta zartar a 2023 ta ƙara wa irin wannan tsari ƙarfi a gaban shari'a.

Sintiri kuwa ba a yin sa da yunwa. Jomoro ƙasar kwakwa ce, don haka aka haɗa manoma da masu sayen man kwakwa wanda ba a sa wa taki ko maganin feshi ba, a saya da daraja, wani kaso na kuɗin ya shiga asusun kula da dajin. Wannan shi ne ɓangaren da ya fi burge ni, kuma shi ne ya fi ba ni tsoro. Duk ranar da kuɗin kwakwa ya kasa, mai injin yankan itace na nan tsaye da kuɗinsa a hannu.

Ba yau aka fara ganin ƙauye ya tsare biri a Gana ba. A Boabeng da Fiema, kusa da Nkoranza, mutane sun daɗe suna ɗaukar birai abin girmamawa bisa al'adarsu, har maƙabarta suka yi musu. Da al'adar ta fara rauni a farkon shekarun 1970, sai aka nemi doka, a 1975 aka kafa ta. Yau baƙin birin nan mai farar cinya, wanda ya ƙare a wurare da dama, a can yake yawo a kan itatuwan bayan gida, baƙi na biyan kuɗi su gani. Aƙidarsu daban, tamu daban, amma sakamakon a bayyane yake: inda masu ƙasa suka ce a'a, harsashi ba ya tashi. Bambancin kawai, Roloway ba zai zauna a bayan gida ba. Shi sai kurmi na gaske.

Mu da ba ma cin biri

Na san abin da wani zai ce a majalisar shayi: "Malam, mu ina ruwanmu? Mu dai ba ma ci." Gaskiya ne, ba ma ci. Malamanmu na Malikiyya ma tsakanin karhanci da haramci suka tsaya a kan namansa, kuma ban san gidan Zango da ake ɗora tukunyar biri ba. Sai dai tukunya ita ce tasha ta ƙarshe, akwai tashoshi da yawa kafin ita.

Ɗauki katako. Tun 1998 doka ta hana tsaga katako da injin hannu don sayarwa, amma bincike ya sha nuna cewa mafi yawan katakon da ke kasuwannin cikin gida ta wannan hanyar ya fito. Da shi muke rufin ɗaki, da shi ake bencin makarantar allo, kuma manyan motocin da ke haurawa da shi Arewa har su tsallaka Burkina Faso da Nijar, kowa ya san akwai 'yan'uwanmu a sitiyari da kuma cikin dillalai. Mai saye ba ya tambaya, mai sayarwa ba ya faɗa. Haka gawayi. Haka teburin mai maganin gargajiya da ake jera fatu da kawunan dabbobi. Haka ɗan birin da ake ɗaure wa igiya a ƙugu a ajiye a tsakar gida don yara su yi wasa. Duk jaririn birin kurmi da ka gani a hannun mutum, to ka ƙaddara uwarsa aka harbo, ya faɗo manne da ita.

Ban ce mu ne kan gaba a ɓarnar ba, ba mu ba ne. Ban kuma ce direba ya ajiye mota iyalinsa su kwana da yunwa ba. Amma babban dillali da ke iya cika tirela yana da halin tambayar takardar kaya, kuma kwamitin masallaci da zai sayi katakon rufi na dubban sidi yana da halin zaɓar inda zai saya. A aji kuma, yaranmu sun san zaki da raƙumin dawa, har dabbobin Ostireliya suna iya zanawa. Ka tambaye su dabba ɗaya da babu ita ko'ina sai ƙasarsu da maƙwabciyarta, sai a yi tsit. Wannan kam aikinmu ne mu malamai, ba sai an jira sabon littafi ba. Wanda ke Akra zai iya kai ɗalibai gidan namun daji da ke cikin dajin Achimota, inda WAPCA ke da cibiyar kiwon birai masu haɗari, tana kuma da wani shingen kurmi a gidan namun daji na Kumasi.

Game da kiwo a keji, kada a ɗora masa buri da yawa. Roloway da ke gidajen namun daji na duniya duka ba su kai 100 ba, yawancinsu a Turai, irin su Mulhouse a Faransa da Heidelberg. Ajiya ce ta ko-ta-kwana. Birin da aka haifa a keji bai san kukan gaggafa ba, bai san wace itaciya ke nuna a wane wata ba, kuma in fadamar ta tafi babu inda za a mai da shi.

Barazanar da ta fi sabunta kuwa ta ruwa take zuwa. Galamse ya riga ya mai da Pra da Ankobra da Offin kamar kunun kanwa, Tano ma bai tsira ba. Duk laka da zaibar da aka zuba a sama, daga Ahafo zuwa Sefwi da Aowin, gangarowa suke yi su bi ta Elubo su shiga fadamun nan, su kai har tabkunan Kodebuwa inda masunta suka daɗe suna kuka. 'Yan sintirin Kwabre za su iya kama mai tarko, amma ba su da yadda za su yi da abin da aka zuba a kogi kilomita 200 daga ƙauyensu. Kuma birin da ke wannan gaɓa da wanda ke waccan, ragowar jama'a ɗaya ce da kogi ya ratsa. Shi ya sa masu aikin ɓangarorin biyu ke ƙoƙarin a riƙa kula da dazuzzukan a matsayin abu guda, ƙauyukan Nzema na nan da 'yan'uwansu na can suna musayar labari, don ɓarawon katako ya daina sara a Gana ya tsallaka da shi Kodebuwa, ko ya saro can ya shigo nan.

A 'yan shekarun nan masu bincike sun koma wata dabara a Tanoé-Ehy. Maimakon su yi ta kutsawa cikin laka birai na jin motsinsu suna gudu, sai su hau dogayen itatuwa da igiya su ɗaure kyamarori masu ɗaukar hoto da kansu in wani abu ya gifta, su bar su wata da watanni. Birin Waldron suka je nema, wanda tun 2017 yake cikin jerin halittun da suka ɓace ake cigiyarsu a duniya. Hotonsa bai fito ba. Amma da aka sauko da kyamarorin aka duba, ga Roloway nan yana bin reshe, da farin gemunsa.